Majami'ar cikin zaure: yadda Kiristocin karkarar Madawa, Buza da Keita suke riƙe da juna

Matafiyin da ya bar kwalta a Madawa ya nufi kudu maso gabas, wajen Bangi da iyakar Nijeriya, ko kuwa ya yi arewa ya hau duwatsun Buza da Keita, zai ratsa gari bayan gari bai ga gini ko ɗaya mai gicciye bisa kai ba. Ba abin mamaki ba ne. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna Kiristoci ba su kai ko kashi 1 cikin 100 na mutanen Nijar ba, mafi yawansu kuma a manyan birane suke zaune. Sai dai rashin gini ba ya nufin rashin mutane. A karkarar jahar Tawa, kamar a ta Maraɗi, duk inda aka sami gida biyu ko uku na waɗanda ke kiran kansu "masu bi", ranar Lahadi sai a share zaure ko gindin runfa, a shimfiɗa tabarmi, wanda ya iya boko ya buɗe Littafi Mai Tsarki na Hausa, a yi waƙa, a yi addu'a, a watse kafin rana ta take. Majami'ar ke nan gaba ɗayanta: ba ƙararrawa, ba benci, sau da yawa ba fasto.

Kafa irin wannan taro ba ya cin ko dala. Riƙe shi ne aiki. Wanda duk ya dubi tarihin Kiristancin ƙasar Hausa zai ga cewa taron cikin gida ba ya daɗewa da ƙarfin kansa. Igiya biyu ke riƙe da shi: ɗaya ta ɗaure shi da 'yan'uwansa na wasu garuruwa, ɗayar kuwa da maƙwabtansa Musulmi waɗanda suke shan rijiya ɗaya da shi. In ɗaya ta tsinke, taron ya watse.

Daga Damagaram zuwa Galmi

Tushen abin ya faro ne daga mishan ɗin SIM, ƙungiyar Furotesta masu jin Ingilishi, wadda ta shigo Nijar daga Nijeriya ta sauka Damagaram a 1924, kafin ta kafa tasha a Tsibiri, kusa da Maraɗi, 'yan shekaru bayan haka. Nasaran Faransa ba su sake jiki da su ba ko kaɗan, don suna yi musu kallon idon Ingila. Su kuwa 'yan mishan ɗin, da Hausa suka zo, da Hausa suka yi wa'azi, da ita suka koyar da karatu, musamman bayan an buga cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932. Wannan zaɓi ya bar baya mai kyau da maras kyau. Mai kyan shi ne, talaka manomi yana iya riƙe littafinsa ya karanta wa iyalinsa ba tare da tafinta ba. Maras kyan kuwa, ma'aikatan gwamnati za su fi kowa gane shi: ɗiyan Kiristocin farko sun daɗe ba su sami lakwal ta Faransanci ba, alhali da ita ake shiga aikin hukuma. Ƙorafi ne da ya daɗe yana cin zukatan masu bi na Maraɗi, malamar tarihi Barbara Cooper kuma ta yi dogon bayani a kansa cikin littafin da ta fitar a 2006.

A wannan yanki na Gobir Tudu da Adar kuwa, ƙofar da ta fi faɗi ita ce likitar Galmi, bisa babbar hanya tsakanin Madawa da Ƙonni, wadda SIM ta buɗe a 1950 a ƙarƙashin Dokta Burt Long. Duk mai sayen albasa ya san Galmi, duk mai majinyaci ma ya san ta, har daga Sakkwato ake zuwa. Cikin shekarun 1950 ɗin nan aka ƙara da gidan jinyar kutare na Danja, kudu da Maraɗi. Dubban mutane sun kwanta a waɗannan wurare, sun ji wa'azi, sun warke, sun koma gida da addininsu na Musulunci kamar yadda suka zo. Kaɗan ne ƙwarai suka koma da wani abu dabam. Su ma ɗin ba gari ɗaya suka fito ba, shi ya sa ba gari ɗaya suka koma ba: ɗaya nan, biyu can, tsakaninsu tafiyar yini bisa jaki. Warwatsuwar nan ce ta haifi majami'ar cikin zaure, ba wani tsari da aka zauna aka zana ba.

An taɓa gwada wata dabara a ƙasar Zazzau. A 1913 Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS ya tattara wasu daga cikin Isawa, mutanen da tun ƙarni na 19 suke ba Annabi Isa matsayi na musamman, aka zaunar da su wuri ɗaya a ƙauyen Gimi. Ciwon barci ya faɗa wa ƙauyen ya yi masa mummunar ɓarna, daga bisani Wusasa ta zama cibiyar Kiristocin Hausawa na yankin, ta kuma fid da likitoci da malamai. Amma tara mutane wuri ɗaya yana raba su da gandun iyayensu da dangin da suka haife su. Manomin Bangi ko na Buza ba zai bar gonar gado don neman inda ake da benci ba. Gara ya zauna inda yake, ya yi Lahadinsa a zaure.

Su kansu masu bi ba su ɗauki wannan a matsayin ƙasƙanci ba. Suna tuna cewa cikin gidaje almajiran farko suke taruwa, kamar gidan Lidiya mai sayar da tufafi a Filibi, ko na Akila da matarsa Biriskilla masu ɗinkin tanti. 'Yan kasuwa ne dukansu, in mai karatu ya lura. Majami'a mafi tsufa da masu tonon tarihi suka gano, a Dura Eropos ta ƙasar Sham, gidan zama ne da aka rushe bangon tsakanin ɗakuna biyu aka mai da shi wurin taro cikin ƙarni na 3.

Abin da zaure ba ya iyawa

Addu'a da waƙa ba su gagari mutum biyar ba. Matsala tana tasowa ne ranar da rayuwa ta zo da abin da ya fi ƙarfin mutum biyar.

Ta farko ita ce mutuwa. A ƙasar da ake rufe mamaci cikin 'yan sa'o'i, wa zai gina kabari, wa zai ɗauki makara, a wace ƙasa za a sa shi? Manyan garuruwa suna da maƙabartar Kirista, ƙauye ba ya da ita. Dole a je gaban maigari a roƙi wuri, ko a rufe mutum a gefen gonarsa, ko a nemi mota a kai gawa inda ake da majami'a. A ranar nan ake sanin ko mamacin ya zauna lafiya da mutane. Wanda ba ya zuwa gayya, ba ya zuwa suna, ba ya zuwa gaisuwar mutuwa, yana cewa shi addininsa dabam ne, ranar tasa iyalinsa za su waiga su ga ba kowa.

Ta biyu aure. Saurayin da ya tashi a gari mai gidan Kirista uku, duk 'yan matan da ke ciki ƙannensa ne ko ɗiyan baffanninsa. In bai sami mata daga wani taro ba, ko dai ya bar garin, ko ya bar addinin. Ga 'ya mace abin ya fi tsanani, don ita ce ke bin miji. Ana iya cewa ba abin da ke cinye ƙananan majami'u a ɓoye kamar wannan, ba tare da faɗa ko tsangwama ba: tsofaffi su mutu, yara su yi aure waje, zaure ya koma wurin ajiyar hatsi.

Sai gado. A fiƙihun Malikiyya, wanda al'adar yankin ta ginu a kansa, bambancin addini yana hana gado. Dangi da yawa sukan kau da kai su bar wa ɗan'uwansu gonar da yake nomawa, don jini ya fi ruwa kauri a wajensu, amma wannan alfarma ce, ba haƙƙi ba, kuma alfarma tana iya ƙarewa da mutuwar dattijon da ya yi ta.

Akwai kuma abin da duk Ba'adare ya sani, wato tafiya biɗa. Da an gama girbi, majiya ƙarfi sun kama hanyar Abijan, Legas, Kamaru ko Libiya. In mai karanta littafin yana cikinsu, to daga kaka har faɗuwar ruwa taron ya zama na mata da tsofaffi da yara. Nan ne ake ganin wanda ke ɗauke da majami'ar a gaskiya. Matan da ba su yi lakwal ba sun haddace waƙoƙi da ayoyi da ka, su ne ke tara yara ranar Lahadi, su ne ke ajiye 'yan dalolin baiko a ƙullin zane. Littattafan mishan sun cika da sunayen maza, amma da a ce mata sun naɗe tabarma, da rabin waɗannan tarurruka ba su ga damina ta biyu ba.

Zumunta a ƙafa take

Maganin duk waɗannan, in akwai shi, ƙafa ce. Mai karatu ɗan kasuwa ba ya bukatar a yi masa dogon bayani, don ya ga yadda ɗarikar Tijjaniyya ta bi zawiya zawiya, ya ga yadda Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta bi ayarin 'yan kasuwa ta shigo Maraɗi tana karatu a zauruka tun kafin ta gina masallatanta. Hanyar ɗaya ce, sai dai ayarin masu bi ƙarami ne ƙwarai. Ranar kasuwa ita ce ranar saƙo: a nan ake jin wane ba lafiya, matar wane ta haihu, fasto zai zo ran kaza. Mai bishara, wanda galibi manomi ne da ya yi 'yan shekaru a makarantar Littafi Mai Tsarki, yakan zagaya garuruwa, da can bisa keke, yanzu bisa babur. Baftisma da jibin Ubangiji kuwa sai an jira fasto naɗaɗɗe, shi ya sa akan tara masu jira daga garuruwa da dama a yi musu rana ɗaya. Kirsimeti da Ista su ne manyan ranakun haɗuwa, inda mutumin da ya shekara yana waƙa da mutum shida zai tsinci kansa cikin ɗaruruwa. Tarurrukan Zumuntar Mata da na matasa ma haka: a fili karatu da addu'a ake zuwa yi, amma kowace uwa tana zuwa da idonta buɗe, aure da yawa can aka ƙulla shi.

Daga Nijeriya aka sami misalin da ya fi tasiri wajen tsara wannan aiki. Cikin shekarun 1960 aka fara shirin Sabon Rai Don Kowa a Jos, wanda ya dogara bisa ƙananan ƙungiyoyin addu'a cikin gidaje, yana koya wa kowane mai bi cewa aikin ba na fasto kaɗai ba ne. Rediyo ma ta yi nata: gidan ELWA da ke Monrobiya, wanda SIM ta buɗe a 1954, ya yi shekaru yana watsa shirye-shiryen Hausa, har yaƙin Laberiya ya rufe bakinsa a 1990. Yau salula ta gaje shi. Ana sa karatun littafin da waƙoƙi cikin ɗan katin waya, wanda bai iya boko ba ya saurara a gona, wanda ke Abijan kuma ya aiko da gaisuwa da kuɗin baiko.

Bisa dukan wannan akwai inuwar ƙungiya. A farkon shekarun 1960, da samun mulkin kai, majami'un da SIM ta haifa suka haɗu cikin Ikilisiyar Bishara ta Jamhuriyar Nijar, wadda aka fi sani da EERN. Ita ke naɗa fastoci, ita ke da takardar hukuma. Sai dai wajen ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990, daidai lokacin da ƙasa ke shiga guguwar jam'iyyu da yawa, rikicin shugabanci ya tsaga ta, aka sami UEEPN da ikilisiyar Salama. A birni rabuwa tana nufin gini biyu maimakon ɗaya. A ƙauye tana nufin gida uku su rabu biyu, wa da ƙane su daina zama tabarma ɗaya saboda rigimar da aka yi a Maraɗi ko Yamai, wadda ba su san farkonta ba. Daga baya aka kafa ƙawancen AMEEN don majami'u da mishan-mishan su riƙa magana da murya ɗaya, amma tabon bai gushe ba sarai.

Masu ƙirga daga nesa

Tun da Ba'amurken nan David Garrison ya fitar da littafinsa a 2004 kan yadda ƙananan majami'u ke haifar wasu cikin sauri, wannan dabara ta zama abin yayi a ƙungiyoyin mishan na duniya. Tsarin a takarda mai sauƙi ne: a sami mutum mai karɓar baƙi a gari, a fara karatu a gidansa, kada a gina komai, kada a biya kowa albashi, kowane taro ya haifi wani. Masu wannan ra'ayi suna son ba da misalin Walayta a kudancin Habasha, inda sojan Italiya suka kori 'yan SIM a 1937, suka bar mutum 48 da aka yi wa baftisma, da suka komo bayan 'yan shekaru suka tarar da dubbai.

Labarin gaskiya ne, amma Walayta ba Adar ba ce. Can ba a cikin al'ummar da Musulunci ya yi ɗaruruwan shekaru yana tsara aurenta da gadonta da jana'izarta abin ya faru ba. Shekara ɗari ke nan da saukar SIM a Damagaram, lissafin kuma ga shi a ƙidayar 2012. Wani abin da ke damun dattijan majami'u na gida shi ne kuɗin waje da ke bin yawan adadi: in za a tambayi mutum gida nawa ya buɗe bana kafin a ba shi babur, to zai sami gidajen da zai rubuta. Bayan shekara uku ba mai komowa ya tambaya ko har yanzu ana shimfiɗa tabarmar. Irin wannan gaggawa kuma tana jawo zargin da Musulmi da yawa suka daɗe suna yi, cewa da hatsi da magani ake sayen talaka, zargin da ke faɗawa kan wanda ya gaji addinin daga kakansa, bai taɓa karɓar ko tiya ɗaya ba.

Takardar hukuma da yardar maƙwabci

A wajen doka, dokar ƙungiyoyi ta 1 ga Maris 1984 ta wajabta wa kowace ƙungiya, har da ta addini, samun izinin ma'aikatar cikin gida. Mutum bakwai a zaure ba za su iya bin wannan hanya har Yamai ba, shi ya sa kusan dole ne su fake ƙarƙashin wata babbar ikilisiya mai takarda, wadda za ta amsa da sunansu in jandarmomi ko sarkin kanto suka yi tambaya. A watan Yunin 2019 majalisar dokoki ta amince da dokar tsara ayyukan ibada, wadda ta ba hukuma ikon duba gina wuraren ibada da kuɗin da ake gina su da shi. Dokar ta shafi kowane addini, kuma daga wajen wasu malaman Musulunci aka fi yin adawa da ita, amma da aka kama wani limami a Maraɗi kan sukarta, majami'ar Assemblées de Dieu ta unguwar Zariya aka cinna wa wuta.

Ba wannan ne karon farko ba. A Nuwamban 2000, zanga-zangar ƙin bikin nunin tufafi na FIMA ta rikiɗe a Maraɗi ta faɗa wa majami'ar Vie Abondante da harabar SIM. Mafi muni shi ne na 16 da 17 ga Janairun 2015, bayan zanen ɓatancin jaridar Charlie Hebdo ta Faransa: mutum 10 suka mutu a Damagaram da Yamai, 'yan sanda kuma suka ƙirga majami'u 45 da aka ƙone a Yamai kaɗai. Cikin makonnin da suka biyo baya, Kiristocin birni da suka saba da benci da lasifika suka koma yin Lahadi a gidaje da ƙarƙashin runfuna, kamar 'yan'uwansu na ƙauye. A kwanakin nan kuma an ga Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu cikin ɗakunansu, da waɗanda suka tsaya bakin ƙofa suka hana a shiga. Abin lura shi ne, waɗannan tarzoma galibi a manyan birane suka auku, inda mai jifa bai san sunan wanda yake jifa ba. A ƙauye mai bi ɗan wane ne, jikan wane, an san gonarsa, an san ranar da aka yi sunansa. Wannan sanayya tana iya zama matsi mai nauyi, har a ƙaurace wa mutum, a raba shi da matarsa, amma ita ce kuma katangar da ke kare shi.

A Bangi yau wata barazana ce ta sha gaban kowace, kuma ba ta tambayar addinin kowa. 'Yan bindigar da suka addabi gabashin jahar Sakkwato sun mai da bakin iyaka wurin satar shanu da sace mutane don kuɗin fansa. Cikin Nuwamban 2021 kaɗai, hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce fiye da mutum 11,500 suka tsallako daga Nijeriya, aka sauke su a ƙauyuka 26 na gundumar Bangi, mafi yawansu mata da yara. Talakawan yankin suka raba musu ɗaki da rijiya da ɗan abin da ke rumbu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 kuma aka rufe iyaka har zuwa Maris 2024, abin da ya tsai da fatauci, ya kuma yanke ziyarar da aka saba yi tsakanin majami'un Hausa na ƙasashen biyu. Mai bisharar da ke zagaya ƙauyukan kudancin Madawa bisa babur, hanyar da ɗan kasuwa da malamin lakwal da ma'aikacin likita suke bi ita yake bi, kuma kamar su, sai ya tambayi labarin hanya kafin ya fita, ya tabbata ya komo gida kafin la'asar ta yi sanyi.